Ƙarin da Ke Kan Ƙodata

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli a firamare a nan Fagge, bakwai daga ciki ni ce shugabar makaranta. Na karanta takardun gwamnati da ba su ƙirguwa, na gyara wa 'ya'yan mutane wasiƙun neman aiki, har takardar asibitin maƙwabta ni ake kawo wa in fassara. Amma ranar da aka ɗauki hoton cikina, aka rubuta abin da aka gani, sai aka tsallake ni aka miƙa wa ɗana takardar. Har yau in na tuna sai na ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Abin ya faro ne daga ciwon kwiɓi. Wata Talata da hantsi ina tsince shinkafa a tsakar gida, sai wani ciwo ya soke ni a kwiɓin dama, ya gangaro har mara. Ni ba mai raki ba ce, haihuwa shida na yi ban taɓa tara wa kaina jama'a ba, amma ranar sai da na kwanta a kan siminti ina birgima. Aka kira babban ɗana daga shagonsa na Kantin Kwari. Shi ne ɗan farina, kuma yadda aka tashe mu, ba na kama sunansa, ba ma zama mu yi doguwar hira. Gaisuwa ce, sai maganar da ta zama dole. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne tsaye a kan gidan, yana zaune da iyalinsa a sashen gaba, ni ina daga ciki. Ya tsaro Adaidaita, muka bi Titin Ibrahim Taiwo cikin cunkoso, duk ramin da direban ya faɗa sai na yi salati.

A asibiti likita ya ce yana zargin tsakuwa ce a ƙoda, ya tura mu a ɗauki hoton da suke ce wa siti, wanda ake kwantar da mutum a zura shi cikin na'ura. Aka yi mini allura, aka ce in yi ta shan ruwa. Kwana huɗu tsakani tsakuwar ta fita da kanta. Na ji fitarta, na kuma gan ta da idona, ko ƙwayar dawa ba ta kai ba. Wai 'yar wannan abar ce ta kayar da ni ƙasa. Ciwo ya ɗauke kamar ba a yi ba, na koma harkokina.

Ranar da muka koma jin sakamakon hoton, likitan ya buɗe ambulan, ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya dubi ɗana. Matashi ne mai gilashi, na tabbata na koyar da sa'anninsa. Ya ce tsakuwa ce dai kamar yadda ya zata, amma akwai wata 'yar magana. Kafin ya ƙarasa sai ɗana ya yi gyaran murya, ya ce ko Hajiya za ta fita a auna mata jini tukuna. Likitan ya ce haka ne, in je wurin nas. Ni kuwa da wautata na tashi na fita. Cikin minti biyu aka gama auna ni, na zauna a benci ina kallon rufaffiyar ƙofa kusan rabin awa.

Da ɗana ya fito, idanunsa sun kaɗa. Ya ce ba komai, wasu gwaje-gwaje ne za a ƙara don kada tsakuwar ta dawo. Na tambayi takardar, ya ce tana wurin likita. Ga kusurwar ambulan ɗin nan ina gani ta leƙo daga aljihun kaftaninsa. Da ƙaninsa ne, da a nan take zan ce masa ƙarya kake, in zaro abata. Amma ɗan fari ne, sai na kau da kai na ce to.

Bayan kwana biyu ya kawo wata jarka mai ruwan ƙasa daga ɗakin gwaji. Matarsa ya ba ta miƙo mini, don shi ba zai iya yi mini maganar fitsari ba. Saƙon shi ne in tara duk fitsarin da na yi na yini da kwana a ciki. Na buɗe jarkar, sai na ga wani guntun ruwa a ƙasanta mai wari yana hawa hanci. Na ce ka ji mini ƙazamai, sun ba ni jarkar da wani ya yi amfani da ita, ko ɗaurayewa ba su yi ba. Na zubar, na sa sabulu da soso na wanke ta tas, na kife a rana. Tarin ma ban yi shi tsakani da Allah ba. Tsakuwar da ake yi dominta ta riga ta fita, to don me zan zauna ina gadin najasa a ɗakin da nake salla? Sau uku na yi a ciki, sauran na yi a inda mutane ke yi.

Sai kuma ƙwaya. Wata 'yar fara guda ɗaya a cikin leda, aka ce in sha da ƙarfe sha ɗaya na dare, da safe ƙarfe takwas a kai ni a ɗebi jini. Na tambayi surukata ta mene ce, ta ce maigidan ya ce ta barci ce, don in huta sosai kafin gwajin. Ni da tara da rabi ba ta samuna ido biyu, a ce in zauna ina gyangyaɗi har sha ɗaya don in sha maganin barci? Ban da haka, na ga yadda ƙwayar barci ta mayar da wata 'yar'uwarmu, kullum kamar wadda aka tasa daga suma. Na jefa ta a kwata na yi kwanciyata. Da safe mai ɗiban jinin ta tambaye ni ko na sha, na ce na sha, don ba na son dogon bayani. Wannan ƙaryar tawa ce, na ɗauka, amma a tambaya a ji wa ya fara.

Bayan mako guda sakamako ya fito. Ni dai ban gan shi ba, amma na ga abin da ya yi wa gidana. 'Yata da ke aure a Zariya ta diro da yara ana tsakiyar zangon karatu, wai kewata ce ta kama ta. Surukata, wadda a da sai ranar salla nake ganin girkinta, ta shiga aiko mini da farfesun kaza kullum. Jikokin da ke buga mini ƙwallo a jikin ƙofa aka hana su ko tari. Ƙanena ya zo sau biyu a mako ɗaya, kowane zuwa da doguwar addu'a yana share ido. Shi kuwa ɗana ya tsiri zama a bakin ƙofata bayan magariba yana jan carbi. In na shigo wuri sai hira ta mutu. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma ni ba yarinya ba ce. Na tambayi 'yata ko akwai abin da ke faruwa, ta ce haba Umma, mutum ba zai kula da uwarsa ba sai da dalili?

Wata Laraba ina alwalar la'asar a jikin katangar da ta raba sashena da nasa, na ji ɗana yana waya ƙasa-ƙasa. Abu uku na tsinta: ƙari, tiyata, da kada Hajiya ta ji. Butar ta kusa suɓuce mini. Ba sai an kira mini mai fassara ba. Ƙarin da ake ɓoye wa mai shi, a garin nan suna ɗaya gare shi, ciwon daji. Na idar da sallar nan ban san me na karanta ba. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Bayan tsoron sai haushi ya biyo, don ni ce zan mutu, amma duk gidan ni kaɗai ce ba a ga ta cancanci ta ji ba.

Na ce tunda ba za a gaya mini ba, ni ma ba zan gaya wa kowa na sani ba. Na shiga shiri. Na yafa mayafi na shiga Kantin Kwari ta ƙofar da ta fi nisa da layin ɗana, ina ratsa 'yan dako da masu kura, har na sami wani dattijo mai sayar da farin yadi. Na ce ya yanko mini na likkafanin mace. Ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi wa aka rasa. Na ce ba ta rasu ba tukuna. Ya dube ni, ya ci gaba da awonsa. Na dawo na cusa ƙullin a ƙasan akwati.

Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne zancen maƙwabciyata. Shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji da juna, a kan kwatar da ta juyo mini jikin katanga har gini ya fara zaizayewa. Duk layinmu an san ni ce mai gaskiya. Amma mai shirin tafiya ba ya barin gaba a bayansa, sai na ɗauki ƙafa na shiga gidanta, na durƙusa, na ce ta yafe mini. Matar nan ta gyara zama, ta ce ai ita dama ta san wata rana zan gane kuskurena, ta yafe duniya da lahira. Na haɗiye. Yanzu duk inda muka haɗu sai ta yi mini wani murmushi na wadda ta ci shari'a, kuma ba dama in koma in ce a maido mini da ban-haƙurina. Kwatar tana nan inda take.

Kwana goma sha tara na yi a wannan hali. Abinci ba ya shiga, na rame, su kuma suna ganin ramar suna cewa ciwon ne ke cina, sai su ƙara mini farfesu. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, surukata kuma tana wanka, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da ɗana ya yi aure: na shiga ɗakinsa. Ambulan ɗin na cikin durowar gefen gado, ƙarƙashin wasu tsofaffin katunan ɗaurin aure. Hoton cikina ne, sunana ne a jiki, amma sai da na ɗauke shi a sace, ina waige-waige.

Turancin na gane, na likitocin ne ya gagare ni. Na ga an ce akwai ƙari a ɓangaren hagu, alhali tsakuwar a dama take. Na ga an rubuta santimita biyu. Sauran kuwa lambobi ne da kalmomin da ban taɓa gamuwa da su ba. Sai na tuna da Sista.

Sista tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, tana zaune a Sabon Gari a benen da mahaifinta ya gina. 'Yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, a Kano aka haife ta, Hausarta kuwa ta fi ta wasu 'yan cikin gari daɗi. Mun san juna tun tana zuwa makarantarmu yi wa yara rigakafi. Ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, shi ya sa jininmu ya haɗu. Washegari Asabar na tsallaka, na same ta a baranda tana gyaran ganyen miya, masu walda na ta bugun ƙarfe a shagon ƙasa. Ko gaisuwa ban gama ba na miƙa mata ambulan ɗin, na ce ta gaya mini kwana nawa suka rage mini.

Ta goge hannu, ta sa gilashi, ta karanta sau biyu.

"Malama, wa ya ce miki mutuwa za ki yi?"

Na ce ba wanda ya ce mini komai, matsalar ke nan.

Ta ɗauki biro ta zana mini ƙoda a bayan ambulan ɗin, ta ɗora mata 'yar hula a ka. Ta ce kowace ƙoda tana da wannan ɗan naman a samanta, likitoci na ce masa adirina. Aikinsa fitar da sinadaran da ke daidaita hawan jini da gishiri da sukari a jiki, har da wanda ke sa zuciya bugawa in mutum ya firgita. A kan na hagu ƙarin nawa yake. Ta ce irin wannan ƙari sau da yawa haka ake tsintarsa, an je neman wani abu daban, kuma mafi yawansu ba daji ba ne, mutum kan tsufa da shi bai ma san yana da shi ba. Tambaya biyu likita ke yi a kansa. Ta farko, yaya kamanninsa a hoto: girmansa, gefensa, da abin da ke cikinsa. Nawa ƙarami ne, gefensa sumul, cikinsa kitse-kitse, wanda ya karanta hoton ma ya rubuta cewa bai yi kama da mugu ba. Ta biyu, yana zaune shiru ne, ko yana zuba sinadari fiye da kima? A nan ta ɗaure fuska, don takardar jinin da ke tare da ta hoton a cikin ambulan ɗin ta nuna wani sinadari ya hau.

"Ƙwayar da aka ba ki ki sha da dare, ƙarfe nawa kika sha ta?"

Na ce ta barcin? Ai tana kwata.

Sista ta cire gilashi ta yi ta dariya har da hawaye, da ta ji zancen wanke jarka kuwa sai da ta riƙe ciki. Da ta ga ni ba dariyar nake ba, ta nutsu ta yi mini bayani. Ƙwayar nan ba ta barci ba ce, saƙo ne ake aika wa ɗan naman ya dakata da aiki. In da safe aka ga sinadarin ya sauka, ya ji magana ke nan, lafiya lau. In bai sauka ba, to ƙarin yana aikin gaban kansa. Ni ban aika saƙon ba, kuma dama da safe sinadarin ke hawa a jikin kowa, sai aka auna aka ce ya ƙi sauka. Ruwan da na zubar daga jarka kuwa magani ne aka zuba da gangan, don kada abin da ake nema a fitsarin ya lalace. Gwajin fitsarin shi ke nuna ko ƙarin irin mai tunzura jini ne. Ta ja mini kunne kada in yarda kowa ya kai masa allura ko wuƙa kafin a tabbatar da wannan, don irin wancan in aka taɓa shi ba shiri, jini kan hau lokaci guda ya yi kisa.

Wato gwajin biyu duk ni na lalata su da hannuna, saboda an mayar da ni yarinyar da ake yi wa wayo ta sha magani. Da an ce mini ga abin da ake nema, wallahi da agogo zan zauna a gaba. Ni da na yi shekaru ina gadin jarrabawa, ni za a koya wa kiyaye ƙa'ida? Sista ta ce in yi haƙuri, mutanensu ma haka suke yi, kuma a shekarun da ta yi a asibiti ba ta taɓa ganin majinyacin da ɓoyewa ta hana shi sani ba, sai dai a bar shi shi kaɗai yana saƙa abin da ya fi gaskiyar muni. Na ce ba haƙuri na zo nema ba.

Ina komawa gida na tsare surukata a kicin. Ban ɗaga murya ba, ambulan ɗin kawai na ajiye a gabanta. Ta fashe da kuka, ta faɗi sauran. Ashe tun da ya karɓo sakamakon jinin, ɗana bai sake komawa wurin likitan farko ba. Wani abokinsa ne ya kai shi wani asibitin kuɗi, can aka ce masa ba a wasa da ƙari, a cire kawai a huta. Har an sa rana, Alhamis mai zuwa. Ni kuma za a ce mini ragowar tsakuwa za a ciro. Za a kwantar da ni, a buɗe mini ciki a kan sakamakon da ni kaɗai na san na bogi ne, kuma duk cikin ƙauna. Na ce ta gaya wa mijinta takarda tana hannuna, kuma ranar Alhamis ba inda za ni.

Ranar Litinin na tafi wurin likitan farko ni kaɗai. Na bi layi da katina kamar kowa. Da ya gan ni sai ya leƙa bayana yana neman wanda ya kawo ni.

"Likita, cikin wa aka ɗauka hoto?"

Ya ce nawa.

"To me ya sa aka kore ni waje aka yi zancen da wani?"

Ya shiga kame-kame. Ya ce ɗana ne ya roƙe shi, ya ce ina da hawan jini, in na ji kalmar ƙari zan iya faɗuwa. Ya ce kullum iyalai na roƙonsa haka, in ya ƙi ya zama marar tarbiyya. Ya rantse ya gaya wa ɗana cewa da alama abin ba mai cutarwa ba ne, kuma da jinin ya fito ya ce a sake gwajin don bai gamsu ba, amma tun ranar bai ƙara ganinsa ba. Na gaya masa inda ƙwayarsa take, na gaya masa yadda na wanke masa jarka. Bawan Allah ya dafe kai, ya ce laifinsa ne. Na ce ban zo rabon laifi ba, amma in uwar wani ta sake zama a kujerar nan, ya fara tambayarta ko tana son ta ji da kunnenta. In ta ce a gaya wa ɗanta, shi ke nan, ra'ayinta ne. Amma a tambaye ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da ya tambaye ni tun farko, da bai yi asarar ƙwayarsa ba.

A wannan karon da ni aka yi bayani, ni kuma na rubuta komai a takarda. Na sa waya ta tashe ni, na sha ƙwayar a kan lokacinta. Jarkar na bar mata ruwanta, na zubar da fitsarin farko na safe kamar yadda aka ce, na tara sauran ko ɗigo ban yar ba har washegari. An ce a ajiye a wuri mai sanyi. Ni dai ba zan sa najasa a firij ɗin da nake ajiye zoɓo ba, sai na sayi ƙanƙara na zuba a bokiti, na dasa jarkar a ciki a bayan banɗaki. Da kaina na ɗauke ta a jakar bakko na hau Adaidaita na kai. Aka ƙara wani gwajin jini na gishiri saboda hawan jinin da nake da shi. Kwana goma na jira. Tsoro bai tafi ba, amma wannan tsoron na san sunansa, ina iya cin abinci a kansa. Ɗana kuwa ya daina zaman bakin ƙofa, daga nesa yake gaishe ni ya wuce.

Ranar sakamako likitan ya miƙo mini ambulan a hannuna, ya juyo da kujera yana fuskantata. Sinadarin ya sauka, fitsarin lafiya, gishirin lafiya. Ƙarin yana zaune shiru. Ba tiyata, ba allura, ba wani sabon magani. Ya ce in ci gaba da shan na hawan jinina, in dawo ya duba ni bayan wasu watanni, ko kuma da wuri in na ga fuska da ciki na kumbura ba dalili, ko ciwon kai na taso mini da gumi da bugun zuciya, ko jinin ya daina jin magani. Na fito na tsaya a bakin titi na sayi gurasa na ci a tsaye, ban damu da wa ke kallona ba.

Bayan la'asar na aika a kira mini ɗana. Na ce ya shigo ciki, ya zauna a kujera, na kuma dube shi ido cikin ido, abin da rabona da yi tun yana ƙarami. Na gaya masa sakamakon, ya yi hamdala. Sannan na sauke masa abin da ke cikina. Na ce ya mayar da ni baƙuwa a jikina. Na ce kwana goma sha tara na yi ina kwana da mutuwa ni kaɗai a gidan da ke cike da 'ya'yana. Na ce saura ƙiris ya sa a yanka ni a banza, kuma da na mutu a kan gadon tiyatar nan, da na tafi ban san abin da ya kashe ni ba, ban yi wasiyya ba, ban yi sallama da kowa ba. Na ce tausayin da ke rufe wa mutum ido raini ne, ko da kuka aka yi shi. Na tambaye shi a ina ya koyi wannan hali, don ni dai ban haifi maƙaryaci ba.

Kansa na ƙasa har na gama. Sannan ya ɗago ya ce:

"Hajiya, ni ban san wata hanya ba. Lokacin ciwon Baba, ke kika tsayar da ni a barandar asibiti, kika ce in na bari ya ji abin da likita ya faɗa, ba ki yafe mini ba."

Na buɗe baki zan ce wannan daban, ban samu abin da ya bambanta su ba.

Shekara tara ke nan. Ciwon hanta ne ya kama mahaifinsu, likita ya gaya mana ni da yaron nan cewa ya ci ƙarfinsa, sai dai a lallaɓa. Ni na ce a ce masa gyambon ciki ne. Mahaifinsu mutumin Borno ne, yana da yaya mace guda ɗaya a Maiduguri, ita ta goya shi, kuma sun yi shekara shida ba sa magana a kan wata baƙar magana da ta shiga tsakaninsu ranar rasuwar mahaifiyarsu. Wata rana da yamma ina ba shi kunu, ya riƙe mini hannu.

"Ki gaya mini gaskiya, me likita ya ce? In abin na tafiya ne, in lallaɓa in je in ga Yaya tun ina iya zama a mota."

Na ce masa gyambo ne, ya bari ya ji ƙarfi tukuna, Maiduguri ba guduwa za ta yi ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to, tunda ke kika faɗa. Bayan mako biyar yayar tasa ta zo Kano karɓar gaisuwa.